Akushin Inna Yana Dawowa a Wanke

Surukata ta kwanta ciwon yunwa a gidan da ba a taɓa kwana ba a kai mata abinci ba, kuma ni ce mai kai mata. Wannan shi ne abin da nake so duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya ji, tun bai kai ga abin da muka kai ba. Ita ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ni kuwa yanzu na kai shekarun da take da su a lokacin, kuma har yau in na ji ƙanshin tumu a wuta sai idona ya cika.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gidan Sori. Kowa a garin Inna yake ce mata, don rabin mutanen da ke yawo a cikinsa ita ta yanke musu cibiya. Ungozoma ce, kuma ita ke wankan gawar mata. Hantsi bai taɓa samunta a ɗaki ba. In ba ta bakin rijiya tana raba faɗan mata a kan guga, to tana ƙofar gidan mai gari tana yi masa ƙorafin bakin rijiyar nan da ya zube aka ƙi gyarawa. Mai gari in ya hango ta tafe da sandarta sai ya gyara zama, don ya san ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba. Ranar kasuwar Cadakori ta ɗora daddawarta a ka ta tafi a ƙasa, ta dawo da gishiri da labarin duniya. Mu masu ƙuruciya ma ba mu iya jera tafiya da ita.

Ɗanta na fari na aura, wanda ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce mini “mai gidanki”. Ni kuma Amarya take kirana, har na yi haihuwa huɗu ban tashi daga Amarya ba. Mun shaƙu ƙwarai. Amma akwai abu ɗaya da ke tsakaninmu, wanda kowa a wajenmu ya tashi ya tarar: suruka ba ta cin abinci a gaban matar ɗanta. In na tuƙa tuwo sai in zuba mata a baƙin akushinta, in rufe da faifai, in durƙusa a ƙofar ɗakinta in ce, “Inna, ga tuwo.” Ta ce, “Aje nan, Allah shi yi albarka.” In juya in ba ta wuri. Can an jima in tarar da akushin a kife bisa danga, a wanke tas. Tun da na shigo gidan ban taɓa ganin tana tauna ko da goro ba. Akushin nan shi ke gaya mini ta ci.

Sai fari ya zo, wanda shanun Fulani suka ƙare a cikinsa. Gero ya fito da kai ya bushe a tsaye. Kafin tsakiyar rani rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji, kajin ma muka sayar. Maza suka watse neman abinci, mai gida ya yi kudu, aka bar mu da ƙanensa Ilu, mai amalanke da jaki guda. Muka koma cin dilo, ’ya’yan anza ɗin nan da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinsu ya fita, da ganyen jiga, da dusa in an samu. Tukunya sau ɗaya take hawa murhu a yini. Duk da haka ban taɓa rage wa Inna ba. Nata nake fara zubawa, kuma nata ya fi na kowa. Akushi kuwa kullum yana kife bisa danga.

A makon farko na ciwon Inna abin da na lura da shi kaɗan ne. Da bazara, ana zafin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, Inna ta fara yafa zane biyu tana cewa iska take ji. Na gan ta zaune a kan turmi a hanyar rijiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Da na tambaye ta sai ta ce, “Ƙaya nika cirewa, Amarya. Wuce ki ɗebo ruwanki.” Daga nan ƙafafunta suka fara cika, fuskarta ta yi ɓul-ɓul, ƙwayar idonta ta shige ciki. Gwaggo Dije, ƙanwar marigayi mijinta, ta shigo ta dube ta ta riƙe baki. “Tubarkalla! Gari duk ya bushe, ke ɗai kika ƙiba. Amarya, mi kika ba ta haka?” Wallahi daɗi na ji. Na yini ina jin kaina, wai na iya riƙon suruka a shekarar da uwa ke kasa riƙe ɗanta. Har magana ta zaga gari cewa gidanmu akwai hatsin da muka binne.

A mako na biyu ƙibar ta daina ba kowa sha’awa. Kumburin ya hau har gwiwa, awarwaron hannunta ya nutse cikin fata, fatar tana ƙyalli. Nan fa masu shawara suka cika gidan. Gwaggo Dije ta rantse cewa wani abu Inna ta tsallake a hanyar gidan haihuwa, don mai yawo gida-gida ba ta rasa maƙiyi. Wata ta ce daji ne. Wata ta ce jini ne ya mutu mata a ƙafa, sai an fitar. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙwauri, abin da ya fito ruwa ne ba jini ba, tsagar kuma ta ƙi rufewa. Na ba shi tasata ta aure, don ba ni da abin ba shi. Aka karɓo rubutu, wannan kam ba na ƙorafi a kansa, addu’a ce. Amma jiƙon da Gwaggo ta kawo daga wani mai magani na kasuwa, wai zai wanke mugun abin, har gobe ina jin ciwonsa. Gudawa ya sa ta yini biyu. Mace ba komai a cikinta, aka ƙara wanke cikin. A kansa ’yar akuyarmu ta ƙarshe ta tafi.

Duk wannan bai zaunar da ita ba. Da rana ta yi sanyi sai ta lulluɓa ta ɗauki sanda ta fita. In na ce, “Inna, ki huta mana,” sai ta ce, “Masu jego ba su san ina ciwo ba.”

A mako na uku aka kawo mana ita a ɗauke. Ta faɗi a bayan gari, wajen da wasu Fulani suka yada zango tun da dabbobinsu suka ƙare. Ilu ya ce maganin gida ya isa haka, gobe sai likita, wato asibiti, a Gidan Rumji. Gwaggo ta ce likita ba ta san ciwon tsallake ba. Ilu, wanda bai taɓa ɗaga murya a gaban babba ba, ya ce, “Gwaggo, uwata ta.” Allah ya saka wa bawan Allah nan. Jakinsa ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, don haka a cikin rairayi shi da jakin suka riƙa jan amalanken tare, ni ina turawa daga baya. Inna tana kwance a kan tabarma tana yi mana faɗa wai mun bar gida ba babba.

Abin da na gani a likita ban taɓa ganin irinsa ba. Mutane a ƙarƙashin kowace bishiya, mata da yara masu ƙyanda, tsofaffi a kwance a ƙasa. Mun isa da hantsi, ba mu ga majo ba, wato babban malamin jinya na wurin, sai washegari bayan azahar. Ba don wata mata mutuniyar Agiye da ta matsa mana a inuwarta ta kuma ba mu ruwa a butarta ba, da ban san yadda za mu yi ba. Ban ma tambayi sunanta ba, Allah ya ba ta aljanna. Inna kuwa daga kwance take aiki. Ta hango wata yarinya tana ba jaririnta nono a karkace, ta ɗaga murya, “Ke ɗiyag ga, tallabe mai kai! Wa ya koya miki haka?”

Majon mutum ne siriri da ya gaji har muryarsa ta dishe. Bai tambayi abin da ta tsallake ba. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta, ya ɗaga, wurin ya zauna a lotse kamar an danna tuwo. Ya dubi tsagar wanzami ya girgiza kai. Sannan ya juyo gare ni.

“Ke ke ba ta abinci?”

“Ni ce.”

“Tana ci?”

Na ce, “Tana cinyewa tas. Ba ta taɓa rage ko loma ba.”

“Kin gani da idonki?”

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Na ce, “Haba malam, surukata ce fa. Wa ke ganin surukarsa na ci?”

Ya ce, “To ki ji. Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ba sammu ba ne, yunwa ce. Tsohuwar nan ta daɗe rabonta da ƙoshi.”

Raina ya ɓaci. A gaban jama’a an ce na bar uwar mijina da yunwa, ni da nake hana ’ya’yana in cika mata akushi. Na juya in ce Inna ta gaya masa gaskiya da bakinta. Sai na ga ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Ya wanke mata ciwon ƙafar, ya ba mu ƙwayoyi da ɗan garin madara, ya ce a dama mata kunu mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, kada a cika mata ciki lokaci guda don zai iya kashe ta. Ya ƙara da cewa, “Kuma ki zauna ki ga ya shiga.” Sauran maganin da ya rubuta sai da na sayar da zanena na fita kafin muka saya. Muka kamo hanyar gida. Na so in tambayi Inna, amma ina zan fara?

Amsar da ƙafarta ta zo. Kashegarin dawowarmu wata Bafillatana ta yi sallama a ƙofar gida, doguwa, ta bushe kamar kara, da jariri a goye. Sunanta Dado. A hannunta akwai ’yar ƙwaryar Inna mai ɗinki a baki, wadda na daɗe ina nema. Ta durƙusa ta ce da Hausarta ta Fulani, “Na ji Inna ba shi da lahiya. Na kawo ƙwaryanshi.” Na ce me ya kai ƙwaryar Inna rugarku? Ta dube ni da mamaki, don a zatonta ni ke aikowa. Ashe Inna ce ta karɓi haihuwarta a zangon nan na bayan gari. Shanunsu sun mutu, mijinta ya bi sauran ’yan tumakin ya yi kudu, nononta ya ƙafe. Tun daga ranar suna, kullum da yamma Inna take zuwa da abinci a ƙwaryar nan a ƙarƙashin mayafi, ta zauna sai ta ga ta cinye. Kuma ba ita kaɗai ba, akwai masu jego biyu a cikin gari da ake raba musu. Akushin da nake gani a kife, juye shi take yi ta wanke.

Na shiga ɗakin Inna ban yi sallama ba. Na ce, “Inna, don Allah me ya sa?”

Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Ni niy yanke ma ɗiyan nan cibiya, Amarya. In kama su da hannuna in kuma wanke gawassu da hannuna? Mai jego in ba ta ci ba, mutum biyu ka tahiya. Ni ko na ci nawa tun tuni.”

“Da kin gaya mini ai.”

“Da na hwaɗa miki, sai ki ɗebe na ɗiyanki ki ƙara min. Na san halinki.”

Gaskiya ta faɗa. Na fita na dama kunun, na dawo na zauna a gabanta da ƙoƙo da ludayi. Ta ce, “Aje nan, Allah shi yi albarka.” Na ce ba inda za ni. Ta zaro ido. “Amarya, kin haukace? Hita!” Na ce, “Ba ni hita, Inna. Ko ki sha ina kallo, ko mu kwana nan.” Ta juya fuskarta ga bango. Kunu ya huce, na je na ɗumama na dawo. Gwaggo Dije ta leƙo ta gan ni zaune, ta fita tana salati, wai zamani ya lalace, matar ɗa ta tsare suruka da ido a kan abinci.

Sai da muka yi ciniki kamar a kasuwa. Inna ta ce ba za ta sa komai a baki ba sai ta ga an fitar da na Dado. A lokacin an fara rabon jar dawar taimako, ɗan abin da muke samu na riƙa ɗibar na masu jego a gabanta, Ilu ya kai. Matan unguwa da suka ji labari kunya ta kama su, kowace ta riƙa kawo ɗan abin da ta iya. Sannan Inna ta ce to za ta sha, amma in juya mata baya. Na juya. Ina jin ludayi yana ƙwanƙwasa ƙoƙo, ina jin daɗi, sai na waiga na tarar ɗiba take tana mayarwa. Tsohuwa da wayo! Muka haɗa ido, sai ta fashe da dariya, ni ma na fashe, dariyar ta koma mana kuka mu biyu.

Ranar ta sha a gabana. Da farko ta kare bakinta da gefen mayafi, da tafiya ta yi tafiya ta bar shi ya zame. Na ga yadda take lumshe ido in za ta haɗiye, da yadda take lashe bayan ludayi kafin ta sake ɗiba. Ashe wurinta mai gida ya gado shi. Shekara da shekaru ina yi masa tsiya a kan lasar ludayin nan, ban san na uwarsa ba ne.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a zamana da ita, ko da yake su ne na ƙarshe. Kumburin ya fara sauka, sai ainihin ramar ta bayyana, mace ta koma kamar yarinya. Gwaggo ta ce ga shi nan, likita ta tsotse ta. Ina zaune a gabanta ina ba ta kunu tana ba ni labarin gari: wadda cikinta ya tsufa a kula da ita, wadda ke jin kunyar roƙo a kai mata ba sai ta tambaya ba, abin da za a ce wa mai gari a kan rijiya. Ta koya mini yadda ake juya jariri in ya zo a karkace. Wani lokaci takan ce, “Mai gidanki bai aiko ba?” In ce bai aiko ba tukuna. Sai ta ce, “Shina nan tahe.”

Amma ciwon ƙahon nan bai warke ba, kuma tari ya shigo. Mun sake komawa likita, majo ya saurari ƙirjinta ya ce jikin ya riga ya ci kansa da yawa, mu ci gaba da abin da muke yi, mu yi addu’a. Na gode masa da bai ɓoye mana ba.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka. Ta ce a kai ta bakin ƙofa. Muka zaunar da ita, ta miƙa tafin hannunta waje ruwa yana zuba a kai, tana shaƙar ƙanshin ƙasa. Ta sa aka tono ɗan irin gero da ta ɓoye a tulu tun bara, wanda ko a tsakiyar yunwar ba ta bari an taɓa ba, ta raba mana da maƙwabta. Sannan ta kama hannuna ta ce, “Amarya, in hatsi ya yi, ki gasa muna tumu. Ni da ke, tabarma guda. Tunda kin riga kin gama da kunyata.”

Gero ya kai ƙugu, bai fitar da kai ba, ta cika, wata safiya bayan ta sha ludayi biyu. Ni na yi mata wanka yadda ta koya mini. Mai gida ya iso da buhun masara a ka bayan an share makoki. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon akushin nan a kife bisa danga, don na kasa ɗauke shi.

Damina ta yi kyau a shekarar. Jariran nan uku duk sun rayu. Na Dado yanzu magidanci ne da furfura a gemu, in sun sauko da shanu yakan biyo ya gaishe ni da ƙwaryar nono, yana ce mini Inna. Da gero ya nuna na karyo kai biyu na gasa, na shimfiɗa tabarma a ɗakinta na zauna. Na murza nawa na ci. Ɗayan na riƙe har ya huce, sannan na kai wa wata mai jego. Haka nake yi kowace kaka har yau.

Don haka ku masu tsofaffi a gida, in shekara ta yi tsanani kada ku yarda da akushi. Kunya abu ne mai kyau, ni ma a cikinta na tashi, amma ku ajiye ta ku zauna ku ga loma ta wuce. In ƙafa ta kumbura a lokacin yunwa kada ku ce ƙiba, kada ku kira wanzami, kada ku ba da abin wanke ciki.

Yanzu ni ce ungozomar garin, ni ke damun mai gari a kan rijiya. Matar ɗana takan zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta ce, “Inna, ga tuwo,” ta yunƙura za ta juya. Sai in kama bakin zanenta. Tana sunkuyar da kai, tana cewa, “Haba Inna, da kunya.” In ce mata, “Wanke hannunki ki zauna, ɗiyata. Akwai wadda ta yi mini alkawarin tabarma guda, ba ta samu cikawa ba.”